Zubar da Ciki: Abin da Tarihi Ya Bar wa Fasto a Bakin Iyaka

Wanda aka tura aikin bishara a ƙasar Daura zai iske cewa a Kongolam hanya ɗaya ce ta haɗa ƙasashe biyu. Ka haye iyaka ka shiga Nijar, ka nufi Matamaye da Damagaram. Harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya, amma dokar ciki ba ɗaya ba ce.

A 2003 ƙasashen Afirka suka amince da Yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, wadda sashe na 14 nata ya ba da damar zubar da ciki idan fyaɗe ne, ko cikin muharrami, ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Najeriya ta tabbatar da ita a 2004, amma ba ta taɓa dokarta ba. A Arewa an daɗe ana aiki da dokar Penal Code ta 1960, kuma sashe na 232 ya tanadi ɗauri har shekara 14, sai in don ceton ran uwa aka yi. Majalisar Nijar kuwa ta ƙi yarjejeniyar a 2006, bayan ƙungiyoyin Musulunci sun tashi tsaye a kanta. A ɓangarorin biyu, addini ne ya fi tsara ra'ayin jama'a.

Maƙwabtanmu Musulmi mabiya mazhabar Malikiyya ne, wadda ta fi sauran tsanani a wannan batu. Akwai hadisin da malamai suka fahimci cewa ana busa rai bayan kwana 120, shi ya sa wasu malaman Hanafiyya suka yi sassauci kafin lokacin idan akwai uzuri. Ra'ayin da ya fi rinjaye a Malikiyya shi ne hani tun daga shigar ciki.

Ɗalibai kan yi mamaki in na ce mu ma mun yi irin wannan muhawara. Littafin Didake, na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya haramta zubar da ciki kai tsaye, haka ma Tatuliyan na Kartaj a wajen shekara ta 197. Amma fassarar Helenanci ta Fitowa 21:22-23 ta bambanta tayin da ya siffatu da wanda bai siffatu ba, abin da babu shi a Ibrananci. Agustin na Hippo ya bi wannan fassara. Bai halatta kome ba, sai dai bai kira na farkon kwanaki kisankai ba. Wannan bambanci ya daɗe a dokar Katolika har Paparoma Pius na Tara ya kawar da shi a 1869.

Inda nake so mu tsaya shi ne horon ikkilisiya. Da can macen da ta zubar da ciki akan hana ta Jibin Ubangiji har mutuwarta. Taron bishop-bishop na Ankira a 314 ya ga wannan ya yi nauyi, ya mai da shi shekara goma. A 374 Basil na Kaisariya ya rubuta wa Bishop Amfilokiyas wasiƙa. Ya ƙi bambancin siffatuwa ɗungum, wato ya fi Agustin tsanani. Duk da haka ya lura cewa sau da yawa matan su ma mutuwa suke yi, ya kuma ce a duba irin tuban, ba yawan shekaru ba. Mutumin da ya fi kowa kāre tayi shi ne ya tuna da ran uwar.

Tarihin jiharmu ya nuna wani abu da waɗannan ubanni ba su yi dogon bayani a kai ba. Bayan Katsina ta fara aiki da Shari'a a 2000, kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa a Maris 2002, domin a fiƙihun Malikiyya cikin mace marar miji hujja ne. Namijin da ta ambata ya rantse, aka sallame shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta soke hukuncin a Satumba 2003. Kada mu yi saurin nuna yatsa. Na taɓa zama a majalisar dattawa inda aka tsai da yarinya a gaban jama'a ranar Lahadi, aka sa ta a bencin baya, saurayin kuwa ya tafi birni babu wanda ya neme shi. Ƙannenta mata suna zaune suna kallo. Darasin da suka ɗauka shi ne cikin da ya fito fili shi ake hukuntawa. Wadda ta je wurin mai kemis ko mai sassaƙe a ɓoye ta ci gaba da waƙa a ƙungiyar mawaƙa, in ta rayu.

A wannan zama na yi shiru, domin ni ne ƙarami a cikinsu. Yarinyar ta haifi ɗanta a ƙauyen kakarta, ba ta sāke dawowa sujada wurinmu ba.