Rigunan Kakanninmu Maza da Hannun da Ya Kaɗa Zarensu

'Yan uwa mata, duk wadda ta taɓa ganin tsohon hoton sarki ko attajirin Kano na wajen 1910 ta san yadda babbar riga ke cika ido. Ana yabon masaƙi, ana yabon mai aikin wuya. Ba a cika tuna cewa rigar nan daga tsakar gida ta faro ba, a hannun mace.

Mace ce ke gurzar auduga ta fid da angurya, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari. Zare siriri daban, abawa daban, kuma kowanne da kuɗinsa. Matar da ke kulle ba ta taka kasuwa, amma zarenta yana zuwa, tsohuwa ko yarinya ta kai mata. Da kuɗin kaɗi uwaye da yawa suka tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Daga nan sai maza su karɓa. Masaƙi yana fitar da ƙyalle ɗan siriri mai faɗin kamar yatsu huɗu, maɗinki ya yi ta haɗawa da allura har riga ta tashi. Akwai saƙi mai zanen zabuwa. Akwai tsamiya, wadda ake samun zarenta daga gidan wata tsutsa, launinta kamar ƙasa-ƙasa. Akwai barage mai jan alharini, shi kuwa alharinin ta hamada fatake ke kawo shi daga Tarabulus. Kore kuma sai ta sha baba a marina irin ta Ƙofar Mata, masu bugu su dake ta da shuni har ta riƙa walƙiya. Rawanin nan ɗan Kura sunan garin da ake yin sa ya ci. Aikin wuya kamar aska biyu ko aska takwas yakan ɗauki watanni, galibi malamai da almajirai ke yi. Shi ya sa riga take dukiya, ana kyautarta, ana jinginar da ita, ana gadonta. Wace shadda ce yau za ta kai jika?

Turawa sun ci Kano a 1903, amma ni a ganina jirgin ƙasa ne ya fi taɓa sutura. Ya iso a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi suka shiga hannun manoma. Kamfanoni irin su John Holt suka cika kantuna da yadin Mancesta ta Ingila, su akoko da alawayyo, masu faɗi da araha. Akawunan da suka zo daga Legas da Saliyo suka sauka Sabon Gari da kwat da wando da laktaye, ga keken ɗinki na Singer. Kalmar tela ma a bakin Turawa muka tsince ta.

Kwat dai ba ta kori babbar riga ba, Bahaushe ya riƙe yankansa, yadin kawai ya sauya. Marinan Kura ma sun daɗe suna sayar wa Buzaye baƙin rawani. Wadda abin ya ci a hankali ita ce mai kaɗi, don da zaren kanti ya wadata, masaƙi ya rage aikowa gida neman nata. Mata suka karkata ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinkin hula, mazari kuwa ya koma ƙasan adaka.