Gajerun Labarai da Takunkumi a Ƙasar Ailan

Tun kafin rubutun zube ya samu gindin zama a Ailan, tsibirin da ke yamma da Birtaniya, ba da labari sana'a ce ta mutumin da ake kira seanchaí, wato ma'ajin tatsuniyoyi da tarihin dangi, wanda yake bayar da su da ka cikin harshen Gaelik. A 1903 George Moore ya fitar da The Untilled Field, tarin labarai kan ƙauyukan da ƙaura zuwa Amurka ta kwashe wa matasa, sai dai littafin da ya sauya akalar fannin gajerun labarai shi ne Dubliners na James Joyce, mai labarai 15, wanda mabuga suka yi ta jan ƙafa a kansa tun 1905 saboda dalilai da suka haɗa da ambaton mashayu da shaguna da sunayensu na gaskiya, har aka lalata bugun Dublin a 1912, kafin ya fito a Landan a 1914.

Samun 'yancin kai daga Birtaniya bai sassauta wa marubuta ba, domin dokar tace littattafai ta 1929, wadda ra'ayin cocin Katolika ya yi wa jagora, ta haramta ayyukan da a yau ake tinƙaho da su. An hana sayar da The Country Girls na Edna O'Brien a 1960, yayin da John McGahern ya rasa aikinsa na koyarwa bayan haramta littafinsa The Dark a 1965. A 1967 aka taƙaita wa'adin haramcin zuwa shekara 12.