Tukunyar gas ta girki

Tukunyar gas, ko silinda, mazubi ne na ƙarfe da ake ɗura iskar gas ta girki a ciki. Gas ɗin haɗi ne na butan da furofan, ana matse shi har ya zama ruwa, sai an buɗe bakin tukunyar yake komawa iska ya kama wuta. A Zariya ana amfani da ita a gidaje da shagunan abinci da ɗakunan ɗalibai, musamman a Samaru da Sabon Gari, inda ta maye gurbin risho da itace a wurin mutane da yawa.

Girma da samuwa

Tukwanen da aka fi gani a Najeriya su ne masu kilo 3, 6, 12.5, 25 da 50. Masu kilo 3 da 6 ana ɗaura musu kan girki kai tsaye a sama, shi ya sa suka fi yawa a ɗakunan haya na Samaru, wurin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke zaune a wajen makaranta. Masu iyali sun fi sayen mai kilo 12.5, wadda ake haɗawa da murhu ta hanyar regileta da tiyo.

Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny a jihar Ribas ya fara sayar da gas ɗin girki a cikin gida a shekarar 2007. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba wuraren ɗura gas lasisi, hukumar SON kuma ita ke kula da ingancin tukwanen.

Halin gas ɗin

Gas ɗin girki ba shi da wari a asalinsa. Ana zuba masa wani sinadari mai wari domin a ji idan yana yoyo. Ya fi iska nauyi, don haka idan ya fita ba ya tashi sama, yakan kwanta a ƙasa ya taru a lungu ko ƙarƙashin gado. Lita ɗaya ta ruwansa takan zama kusan lita 250 ta iska, kuma idan ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da wuta.

Ruwan gas yana kumbura idan ya ji zafi. Saboda haka ba a cika tukunya maƙil, ana tsayawa a wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100. Tukunyar da aka cika fiye da ƙima aka bar ta a rana a watan Maris ko Afrilu tana iya fesar da gas ta baki.

Dubawa

Ana duba kayan duk lokacin da aka dawo daga ɗuri:

- *Jikin tukunya:* a duba tsatsa, musamman a gindi, da loɓawa. Ƙa'idar SON ita ce a sake gwada tukunya duk shekara 5, a daina amfani da ita bayan shekara 15. Shekarar da aka ƙera ta da nauyinta ba gas suna rubuce a jikinta.
- *Robar baki:* idan ta tsage ko ta faɗi, regileta ba za ta zauna daidai ba.
- *Tiyo:* a lanƙwasa shi a ga ko ya tsattsage, ya bushe, ko ɓera ya ci shi. Ba a ɗaure shi da leda ko robar keke. Sabo ake saya.
- *Gwajin sabulu:* a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa. Inda kumfa ke tasowa, nan ne yoyo. Ba a neman yoyo da ashana.
- *Harshen wuta:* shuɗi shi ne daidai. Idan ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta gindin tukunyar girki, ƙofofin murhun sun toshe ko iska ba ta isa.

Amfani

Tukunya a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, nesa da murhun gawayi da janareto, kuma a tsaye ake ɗaukar ta a babur ko a Keke Napep. Idan murhun ba mai kunna kansa ba ne, ana ƙyasta ashana kafin a buɗe gas. Bayan girki ana rufe regileta, ba murhu kaɗai ba.

Lokacin hunturu, a Disamba da Janairu, wasu kan rufe tagogi su bar gas a kunne don ɗumama ɗaki. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksaid, guba marar launi da wari. Alamominta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kuma tana kashe mai barci. Wanda ya shaƙe ta a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti.

Idan an ji warin gas

A rufe regileta, a buɗe ƙofa da tagogi, a kashe duk wata wuta mai ci. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kashewa ne, domin yana yin tartsatsi. Wannan ya shafi gidajen da aka ɗauke wa wuta: idan ta dawo, kayan da aka bari a kunne suna iya tayar da gobara. A fitar da kowa, a gaya wa maƙwabta, sannan a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112 daga waje.

Wuraren ɗuri

Juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a shagunan unguwa yana da haɗari, domin gas na fita yayin juyin. A ranar 4 ga Janairun 2020 gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, Kaduna, mutane da dama suka rasu, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya. An fi son a ɗura a wurin da ke da lasisi, a kan sikeli, mai tukunya yana kallo.