Mazan Jiya: Ɗan Sandan Soja a Yaƙin Bama

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka kafa Runduna ta 81 da ta 82 daga sojojin Afirka ta Yamma, aka ɗebe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can aka shiga da su dazuzzukan Bama domin yaƙar Japan. Hausawa na da yawa a cikinsu, har da limaman da ke ja musu salla.

A cikin wannan taro akwai ɗan sandan soja, mai jar hula, wanda ba a cika ambatonsa ba. Shi ne ke tsayuwa a mararraba da mashigin kogi, cikin damina mai tsanani, yana tsara wucewar motoci da alfadarai da masu dakon kaya. Shi ke tsaron fursunonin yaƙi. Mafi nauyi kuwa, shi ke kama ɗan'uwansa soja idan ya saɓa doka, ko da garinsu ɗaya. Wannan amana ba ta jawo wa mai ita farin jini.

A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung. Da aka sallami sojoji a 1946, da dama daga cikinsu suka shiga aikin 'yan doka na En'e, wasu suka koma gona da zauren karatu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.