Tarihin katangar tsaro: daga tsohuwar kwamfuta zuwa akwatin intanet na gida

A yau shirin zai waiwayi tarihin ɗan akwatin nan mai ƙyaftawar fitilu da ke rarraba intanet a gidaje da ofisoshi, wato rauta, da kuma katangar tsaron da ke cikinsa.

Ita dai katangar tsaro aikinta tamkar na maigadi ne a zaure. Duk wani saƙo da ke yawo a intanet ana yanyanka shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Maigadin sai ya duba adireshin, ya duba dokokin da aka ba shi, sannan ya bari a wuce ko ya hana. A tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, wannan aiki yana gudana ne a cikin zuciyar manhajar, wadda ake kira kanel.

A ƙarshen shekarun 1990 rauta ta kamfani na da ɗan karen tsada, ga shi kuma masu sayar da intanet adireshi ɗaya tak suke ba gida ko ƙaramin ofis. To sai dai kanel na 2.0 da ya fito a 1996 ya zo da dabarar ɓoye kwamfutoci da yawa a bayan adireshi guda, ana tsara dokokinsa da wata manhaja mai suna ipfwadm. Nan fa masu sha'awar fasaha suka shiga zaƙulo tsofaffin kwamfutoci samfurin 486 da aka yasar, su sanya musu katin sadarwa biyu, ɗaya na kallon waje, ɗaya na kallon cikin gida. Shi ke nan rauta ta samu.

A 1997 wani Ba'amurke, Dave Cinege, ya ƙaddamar da shirin Linux Router Project, wanda ya cusa dukkan manhajar a kan faifan filofi guda mai cin megabait 1.44. Jamusawa ma sun fito da nasu, fli4l, a shekara ta 2000. Da an kunna kwamfutar sai ta kwafe abin da ke faifan zuwa ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, babu ma bukatar babban faifan ajiya. Kazalika filofi na da ɗan makulli a gefe, idan aka tura shi babu mai iya rubuta komai a kai. Ko da ɓarawon intanet ya kutsa, da zarar an kashe an sake kunnawa komai ya koma yadda yake.

A watan Janairun 1999 kanel na 2.2 ya fito tare da ipchains, aikin Rusty Russell ɗan ƙasar Ostireliya. An jera dokoki a layi uku: na shiga, na fita da na wucewa. Mai tsarawa na iya cewa a yar da ƙunshi shiru, ko a mayar wa mai aikowa amsar cewa an ƙi. Amma wannan maigadi ba ya tuna fuska. Kowane ƙunshi sabo ne a wurinsa, saboda haka dole a bar ƙofofi da dama a buɗe domin amsoshi su samu hanyar dawowa. Kanel na 2.4 da ya fito a Janairun 2001 tare da iptables shi ne ya magance wannan, domin yana riƙe da lissafin duk hirar da aka fara daga cikin gida, amsarta kaɗai yake bari ta shigo.

Duk da haka mutane da yawa sun ci gaba da amfani da 2.2, saboda ƙanƙantarsa ta fi dacewa da filofi, sun kuma saba da shi. Matsalar ita ce gyara na ƙarshe da aka fitar masa, wato 2.2.26, ya zo ne a 2004. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan babu mai toshe ta a hukumance.

Shi kuwa Linux Router Project an rufe shi a 2003. A wannan shekarar ce aka gano cewa rautar Linksys samfurin WRT54G Linux ce ke cikinta, kuma lasisin manhajar ya tilasta wa kamfanin bayyana rubutunta ga kowa. Daga nan aka samu OpenWrt a 2004, aikin tsohuwar kwamfutar ya koma cikin ɗan akwati mai araha.

Sai dai matsalar rashin gyara ta biyo shi. A watan Nuwamban 2016 wani nau'in muguwar manhajar nan Mirai ya yi yunƙurin kame rautoci a Jamus, lamarin da ya katse sadarwar masu hulɗa da kamfanin Deutsche Telekom kimanin dubu 900. Don haka mai sauraro, ka canza kalmar sirrin da rautarka ta zo da ita, ka duba ko kamfaninta na ci gaba da aiko mata da gyara. Idan ya daina, to lokacin sauya ta ya yi.

Da haka muka kawo ƙarshen shirin na yau, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.