Binciken Jami'o'i da Haɗin Gwiwar Al'umma wajen Tallafa wa Iyalai Masu Rauni a Jihar Zamfara

Abin da ake nufi da irin wannan bincike shi ne malaman jami'a da ɗalibansu su shiga cikin jama'a, su yi aiki tare da uwayen ƙasa, hakimai, limamai da ƙungiyoyin mata, domin gano halin da marayu, zawarawa, naƙasassu, mata masu juna biyu da waɗanda suka rasa muhalli suke ciki, sannan a gwada hanyar da za ta rage musu raɗaɗi. Jama'ar Damri da sauran garuruwan Bakura, Talata Mafara da Maradun ba baƙin wannan magana ba ne, domin sun ga abin da ke faruwa idan aka tsara wa talaka aiki ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Darasin Bakolori

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi ginin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ruwa ya mamaye gonaki da gidaje a yankin Maradun, an tashi jama'a zuwa sabon matsuguni, an kuma hana manoma da yawa shuka a lokacin da ake baje filayen ban ruwa. Rikicin diyya ya yi tsanani har manoma suka tare hanyoyi, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnatin wancan lokaci ta ce mutum 23 ne suka rasu, amma wasu majiyoyi sun kai adadin sama da 380.

Masanan jami'a sun zo daga baya. Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi rubutu a kan yadda aka ƙwace wa manoma ikon gonakinsu. W. M. Adams na Jami'ar Cambridge ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, ya nuna cewa raguwar ambaliyar shekara-shekara ta sa manoman fadama da dama sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi kuma ya ja baya. Bincike ne mai daraja, sai dai ya zo bayan ɓarna ta auku. Da an tambayi masunta da manoman fadama tun kafin a aza harsashi, da sun faɗi mafi yawan abin da aka rubuta daga baya. Aikin gyaran Bakolori na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ba da muhimmanci ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Shirin tallafin renon yara

Misali mafi kusa na binciken da aka yi tare da jama'a shi ne shirin CDGP, wanda ya fara a 2013 da kuɗin gwamnatin Birtaniya. An gudanar da shi a ƙananan hukumomin Anka da Tsafe a Zamfara, ta hannun ƙungiyar Save the Children, da kuma Buji, Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa. Mace mai juna biyu tana karɓar naira 3,500 duk wata, wanda aka ƙara zuwa naira 4,000 a 2017, tun daga lokacin ciki har yaro ya cika shekara biyu. Ba a gindaya mata sharaɗin abin da za ta saya ba. Tare da kuɗin, 'yan sa-kai daga cikin garin suna wayar da kan iyaye a kan shayar da nonon uwa zalla na wata shida, tsabta da zuwa awon ciki. An saka magidanta da malaman addini cikin wayar da kan, kuma wannan dabara ce mai kyau, domin a gidajenmu shawarar abinci da zuwa asibiti ba ta uwa kaɗai ba ce.

Masana daga University College London da Oxford Policy Management ne suka auna sakamakon. Sun ɗauki ƙauyuka 210, aka yi ƙuri'a: wasu suka fara karɓar tallafin, wasu aka jinkirta musu, domin a kwatanta. An zagaya gidaje a 2014, 2016 da 2018. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna cewa tsumburewar yara ta ragu da kimanin kashi 8 cikin ɗari, kuma mata da yawa sun sa wani ɓangare na kuɗin a ƙananan sana'o'i da kiwo. Ragin bai kai yadda kowa zai so ba, amma ya amsa zargin da aka saba yi cewa kuɗi a hannun matar karkara asara ne.

Akwai kuma cibiyar Nahuche a ƙaramar hukumar Bungudu, wadda ta yi ƙidayar farko a 2010 da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta jiha da Jami'ar Columbia ta Amurka, domin tattara bayanan haihuwa, mutuwa da ƙaura gida-gida.

Abin da ya kamata jama'a da jami'ai su sani

Buƙatar yankinmu ta sauya. Harin da 'yan bindiga suka kai Damri da ƙauyukan kusa a watan Mayu na 2022 ya hallaka mutane da dama, ya bar marayu da zawarawa, ya kuma tarwatsa iyalai zuwa gidajen 'yan uwa a wasu garuruwa. Irin waɗannan iyalai su ne sukan faɗi daga jerin sunaye, tun da ba sa sansani, ba sa kuma garinsu. Mai unguwa da ungozoma sun fi kowane baƙo sanin inda suke. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara duk suna kusa, kuma ƙaramar hukuma na iya neman su da kanta maimakon jiran su zo.

Idan masu bincike suka iso gari, hakimi ko jami'in walwalar jama'a ya nemi ganin takardar izini daga jami'arsu, da ta kwamitin ɗa'ar bincike idan aikin ya shafi lafiya, kamar yadda ƙa'idar ƙasa ta 2007 ta tanada. Izinin hakimi ba ya maye gurbin yardar mutum shi kansa. Kowa yana da ikon ƙin amsa tambaya ko janyewa a tsakiya ba tare da ya rasa wani tallafi da yake samu ba. A bayyana wa jama'a tun farko ko rubuta suna yana nufin za a ba da wani abu ko a'a, domin rashin fayyace wannan shi ne ke jawo wa masu unguwanni zargin cin rabon talakawa. A kuma sa sharaɗin cewa za a dawo garin a karanta sakamakon da Hausa, a bar kwafi ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma.