Zakaran Lissafi da Cokalin Katako: Tarihin Ƙofar Kambirij

A watan Janairun 1854, lokacin da sanyin Ingila ke kan ganiyarsa, ɗaliban ajin ƙarshe na Jami'ar Kambirij suka shafe kwana takwas a zauren majalisar jami'ar suna rubuta jarrabawar lissafi. Takardu 16 ne, tambayoyi 211, jimillar zaman sa'a 44 da rabi. Babu wanda ake sa ran zai amsa su duka, don dama an tsara su ne yadda ko gwanin gwanaye zai bar saura. Da sakamako ya fito, wani saurayi mai suna Edward Routh ya zo na ɗaya. Wanda ya zo na biyu shi ne James Clerk Maxwell, mutumin da daga baya ya ɗaure wutar lantarki da maganaɗisu da haske da ƙa'idoji guda, waɗanda a kansu rediyo da wayar salula suka tsaya.

Duk wanda ke neman gurbin karatun lissafi a Kambirij a yau, gadon wannan zaure yake fuskanta, ko ya sani ko bai sani ba. Sai dai a wancan zamani shiga ba ita ce wahala ba. Yaron da ubansa ke da hali, kuma wani malamin kwaleji ya yarda ya karɓe shi, ya shiga ke nan. Ɗan talaka mai kaifin ƙwaƙwalwa kuma akwai wata 'yar ƙaramar ƙofa da aka bar masa: a rage masa kuɗin makaranta, a zamanin da can ma har ya riƙa yi wa manya hidima. Ta nan Isaac Newton ya shiga Kwalejin Trinity a 1661, ta nan kuma John Couch Adams, ɗan manomi daga yankin Cornwall, ya shiga Kwalejin St John's a 1839 kafin ya yi lissafin da ya nuna inda duniyar Neptune take. Tacewa ta gaskiya a bakin fita ake yin ta.

Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 jami'ar ta fara jera waɗanda suka ci jarrabawar ɗaya bayan ɗaya, daga na farko har na ƙarshe, a kuma karanta sunayen a bainar jama'a. Na ɗaya shi ake yi wa laƙabin Senior Wrangler, zakaran shekara ke nan. Jaridun Landan kan buga jerin, garin su zakara kan yi shagali, kwalejinsa kuma kusan kullum takan ba shi kujerar malanta da albashi. Daga nan hanya a buɗe take zuwa aikin lauya, ko limancin coci, ko alƙalanci. Har zuwa 1850 ma, ɗalibin da ke son babban digiri a harsunan Girka da Latin sai ya fara haye siraɗin lissafi.

Shi kuwa na ƙarshe a jerin masu babban digiri, abokansa ne ke ba shi kyautar cokalin katako, ana zuro masa shi da igiya daga benen zauren a ranar karɓar digiri, ana ihu ana tafi.

Tazarar da ke tsakanin su biyun ba ƙarama ba ce. Francis Galton, a littafin da ya fitar a 1869, ya kawo makin wata shekara: cikin maki kusan 17,000, zakara ya samu 7,634, na biyu 4,123, na ƙarshe kuwa 237. Shi kansa Galton ya san zafin abin, domin karatun ya karya masa lafiya a shekararsa ta uku, ya haƙura da ƙaramin digiri.

Inda aka sa tsere dole a samu masu horar da dawaki. Laccar jami'a ba ta isa ta kai mutum sahun gaba, don haka sai aka koma wajen malaman gida da ake biya daga aljihu. William Hopkins ne ya fara shahara, shi ya horar da George Stokes da Arthur Cayley da William Thomson, wanda duniya ta fi sani da Lord Kelvin, da Maxwell da Routh ɗin kansa. Routh ya gaji malaminsa har ya zarce shi. Cikin shekara talatin da 'yan kai ya horar da ɗalibai fiye da 600, kuma daga 1862 zuwa 1882 babu shekarar da zakara bai fito daga hannunsa ba. Tsarinsa ba ɓoyayye ba ne: ƙananan azuzuwa, allo da alli, tambayoyi kowane mako, sannan jarrabawar gwaji da agogo a gaba, a manna makin kowa don kowa ya ga matsayinsa. Ɗalibai kuma suka ɗauki doguwar tafiyar ƙafa da tuƙin kwalekwale a kogin Cam a matsayin wani ɓangare na shiri, don jiki ya iya ɗaukar kwana takwas ɗin nan.

Adalci ne a ce wannan tsari ya haifi manyan masana kimiyyar Birtaniya na ƙarni na 19. Adalci ne kuma a lura cewa sauri da horo yake aunawa fiye da zurfin tunani. Thomson na biyu ya zo a 1845, bayan Stephen Parkinson, wanda ya ƙware wajen saurin rubutu. Har yau ana ba da labari, ko da yake na baka ne, cewa Thomson ya aiki baransa ya dubo masa wa ya zo na biyu, bara ya dawo ya ce ai kai ne, ranka ya daɗe. J. J. Thomson, wanda ya gano ƙwayar elektiron, shi ma na biyu ya zo a 1880.

Akwai kuma waɗanda suka ci amma aka hana su ladan. James Joseph Sylvester ya zo na biyu a 1837, amma da yake Bayahude ne, ba zai iya rantsuwar bin Cocin Ingila ba, sai aka riƙe masa digiri har 1872. Numa Hartog, shi ma Bayahude, ya zama zakara a 1869, kujerar malanta ta gagare shi saboda addininsa. Ya je ya ba da shaida a gaban kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya, kuma a 1871 aka soke sharaɗin addinin, a shekarar da cutar agana ta ɗauke shi.

Labarin mata ya fi kowanne tsawo. A 1880 aka bar Charlotte Angas Scott ta Kwalejin Girton ta zauna jarrabawar bisa alfarma, makinta ya yi daidai da na namijin da ya zo na takwas, amma ba a karanta sunanta ba. Daga 1881 aka yarda mata su riƙa zama a hukumance, da sharaɗin a ware musu jerinsu daban, a faɗi tsakanin waɗanne maza kowace ta faɗo. A watan Yunin 1890 mai karanta sakamako ya zo kan sunan Philippa Fawcett ta Kwalejin Newnham, sai ya rasa maza biyun da zai sa ta a tsakaninsu, ya ce tana sama da zakara. Makinta ya ɗara na G. T. Bennett, wanda aka ba laƙabin, da kusan kashi 13 cikin ɗari. Zauren ya ruɗe da sowa, a Newnham aka kunna wuta aka yi biki, jaridu har ƙasashen waje suka ɗauka. Duk da haka ba ta samu laƙabin ba, ba ta kuma samu digiri ba. Sai a 1948 Kambirij ta fara ba mata cikakken digiri, shekarar da Fawcett ta rasu tana da shekara 80, bayan ta ƙarar da rayuwarta a harkar ilimi a Afirka ta Kudu da Landan. Shekara 58 jami'a tana da hujja a rubuce, da makin da malamanta suka bayar da hannunsu, ta ƙi aiki da ita. Wannan abin kunya ne da babu bayanin da zai wanke shi.

Wanda ya fi kowa yaƙar tseren daga ciki shi ne G. H. Hardy, wanda ya zo na huɗu a 1898. A ganinsa jarrabawar ta sa Ingila ta tsaya tana wasa da tambayoyi masu tarko yayin da Jamus da Faransa ke gina sabon lissafi. Shi da masu ra'ayinsa suka yi nasara, a 1909 aka karanta jeri na ƙarshe. P. J. Daniell ne zakaran ƙarshe na hukuma, Cuthbert Holthouse kuma ya tafi da cokalin ƙarshe, wanda abokansa 'yan tuƙin kwalekwale suka sassaƙa da tsawo kamar filafilin tuƙi.

Shekara huɗu bayan haka, a Janairun 1913, wasiƙa ta iso wa Hardy daga wani akawun tashar jiragen ruwa a Madras ta Indiya. Srinivasa Ramanujan ba shi da digiri, ya faɗi jarrabawar kwaleji saboda ba ya kula da komai sai lissafi, kuma malaman Kambirij biyu da ya rubuta wa kafin nan ba su taimake shi ba. Hardy ya zauna da abokinsa J. E. Littlewood suka duba shafukan, suka tabbatar ba mahaukaci ba ne. A 1914 Ramanujan ya iso Trinity ba tare da wata jarrabawar shiga ba.

A ƙarni na 20 masu nema suka yi yawa, gwamnati ta fara biya wa 'ya'yan talakawa, sai tacewar ta taso daga bakin fita ta dawo bakin shiga. Tun tsakiyar shekarun 1980 jarrabawar da ake kira STEP ce mai gadin ƙofa. Mai nema zai miƙa takardunsa a tsakiyar Oktoba, a Disamba ya zauna gaban malamai su ba shi tambaya su ga yadda yake tunani idan ya cije, a Janairu a yi masa tayin gurbi bisa sharaɗi. A watan Yuni ne zai rubuta takardu biyu, kowace sa'a uku, tambayoyi 12 a kowace, shida mafi kyau ake ƙirga masa. Tambaya ɗaya kan cinye rabin sa'a ko fiye. Gurabe kusan 250 ne a shekara, jami'ar kuma takan yi tayi ga kusan ninkin haka, don ta san wajen rabi ba za su cika sharaɗin ba.

Tsohuwar matsalar zamanin Routh tana nan: yaron da makarantarsa ke da malamin da ya san irin waɗannan tambayoyi ya riga wanda ba shi da shi nisa. Jami'ar ta amsa wannan ƙorafi ta hanyar zuba tambayoyin shekarun baya da darussan shiri kyauta a intanet, inda ɗalibin Kano ko Damagaram zai iya sauke su kamar ɗalibin Landan, ko da kuɗin makaranta na ɗalibin waje wani dutse ne daban. A watan Agusta sakamako ke fitowa, kwalejoji su sake zama su duba ainihin takardun waɗanda suka gaza da ɗan kaɗan, layi bayan layi, su cike sauran guraben daga cikinsu.